Amsoshin Da Na Ba Likita A Madadin Iliya

Salama gare ku, 'yan'uwa. Sunana Hannatu. Ina zaune a Laurel, kusa da Washington, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata bakwai ke nan da muka binne ƙanena Iliya, autanmu. Da yawa daga cikinku kun zo gaisuwa, kun kawo abinci, kun zauna da mu. Na gode, Allah ya saka da alheri.

An gaya muku ciwon zuciya ne ya ɗauke shi. Ba gaskiya ba ne, kuma a gabana aka shirya maganar ban hana ba. Iliya ya yi wata huɗu yana fama da ciwon damuwa, a ƙarshe ya ɗauki ransa da kansa. Akwai kuma abu na biyu da ba a gaya muku ba. Iliya maza yake so, ba mata ba. Na daɗe ina neman kalmar da zan rubuta wannan da ita. Duk waɗanda na sani a Hausa zagi ne, ni kuwa ba zan zagi ƙanena yana kabari ba, shi ya sa na faɗe shi haka kawai.

Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba wa'azi na zo yi ba, ba gardama ba. Zan faɗi yadda jinyar ta tafi ne, saboda wanda yake da irin wannan majinyaci a gida bai sani ba, ko ya sani yana yi kamar bai sani ba.

Shekararsa talatin da ɗaya. Shekara biyar ya yi a gidana tun zuwansa daga Kaduna, yana aikin loda kwalaye a wani babban sito nan kusa da mu. Mijina direban babbar mota ne, ba ya zama, don haka yawanci daga ni sai Iliya. Mutum ne mai surutu. In yana soya ƙwai sai maƙwabta sun sani, saboda waƙa. A farkon sanyi sai surutun ya ɗauke. Makon farko na ce gajiya ce. Mako na biyu ya bar cin tuwo, sai shayi. Da safe idanunsa jajur, in na tambaya ya ce barci ne ya ƙi zuwa. Sau biyu a makon bai je aiki ba, shi da ko dusar ƙanƙara ba ta hana shi fita. Wata rana na dawo da la'asar na same shi zaune a kan kujerar da na bar shi da safe, da takalmin aiki ƙafa ɗaya.

Mako na uku na ja shi wurin likitarmu ta iyali. A nan na fara kuskure, kuma a lokacin gani nake alheri nake yi. Ku kun san mu. Ba a barin marar lafiya ya shiga wurin likita shi kaɗai, sai in ba shi da kowa. Mai jinya yakan shiga, ya riƙe masa jaka, ya yi bayani. Da aka kira sunansa, na riga shi miƙewa.

Likitar mace ce mai hankali, ba zan ci amanarta ba. Ta dube shi ta ce, "Kana so yayarka ta zauna, ko ta jira a waje?"

Ya ɗago ido ya dube ni. Kafin ya buɗe baki na ce, "Ni na goya shi. Babu abin da yake ɓoye mini."

Ta sake tambayarsa, shi. Ya ce, "Ta zauna." To me zai ce?

Ta fara tambayoyi. Yaya barci? Na ce ba ya yi. Yaya cin abinci? Na ce sai shayi. Ya taɓa jin kamar gara a ce ba ya duniya? Na ce, "Allah ya kiyaye, mu masu bi ne." Sai ta tambaye shi ko yana da wanda suke tare, mace ko namiji. Haka ta faɗa, ba ta ko canja murya ba. Na yi dariya, irin dariyar da ake yi wa baƙon da bai san gari ba. Na ce, "Likita, mu can wajenmu ba ma haka. Mata muke nema masa." Ta rubuta wani abu. Iliya yana kallon igiyar takalminsa.

Ta ce ciwon damuwa ne, kuma ya yi nauyi. Kalma ɗaya da ta maƙale mini ita ce da ta ce ciwon nan ba rashin bangaskiya ba ne, ciwo ne kamar hawan jini. Ta rubuta masa ƙwayoyi, ta ce sai sun yi wata guda ko fiye kafin a ga aikinsu. Ta ce ƙwaya kaɗai ba ta isa ba, sai ya riƙa ganin mai ba da shawara, wanda zai zauna da shi su yi magana. Ta ba mu takarda mai sunaye goma sha biyu da lambobin waya. Na yi murna. Na ce a raina, goma sha biyu, ai ko gobe an gama.

Mako uku na yi a kan takardar nan. Ina kira a mota tsakanin gidan tsohuwar da nake yi wa wanka da safe da gidan tsohon da nake ba abincin rana. Na farko ba ya karɓar sababbin majinyata. Ta biyu ta bar jihar tun bara. Na uku ba ya karɓar inshorarmu. Na huɗu yana karɓa, amma sai bayan wata huɗu. Wata lambar ma ta shagon gyaran haƙori ce yanzu. Wasu sai na'ura ta ɗauka, ta ce danna ɗaya, danna uku, sai a sa maka kiɗa. Na ji kiɗan nan har na iya shi, ina wanke kwanuka ina rera shi ban sani ba. Bayan minti arba'in sai wata ta ɗauka ta ce ba sashenta ba ne, ta mayar da ni wurin kiɗa. Na kira kamfanin inshora, suka aiko mini da tasu takardar, rabin sunayen su ne dai waɗanda na riga na kira. Wai ƙasar da ta fi kowace ƙasa asibiti ke nan. In ƙafarka ta karye, kafin ka gama ihu an ɗaure ta. In ranka ne ya karye, sai ka danna uku.

Wata rana na ga Iliya ya yi ɗan alama da biro a gefen suna na ƙarshe. Wani kilinik ne a cikin Washington. Na duba shi a waya, sai ga tuta mai launi-launi a ƙofarsu, da bayanin irin mutanen da suke kula da su, maza masu son maza da mata masu son mata. Na ce, "Kai, wannan ba namu ba ne. Ka ga irin abin da likitar nan take haɗa mu da shi?" Na ja layi a kan sunan. Yana tsaye a bayana. Ya ce, "To, Yaya." Ya koma ɗakinsa.

A cikin makonnin nan ne Gwaggo Rifkatu ta shigo maganar. Ƙanwar babanmu ce, tana Upper Marlboro, ita ce uwarmu a ƙasar nan, kuma babu wanda ya taimake ni kamarta lokacin da na zo ba ni da ko bargo. Ta zo da kula cike da faten acca. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Auta, mene ne haka? Ka zama kamar sandar rake da aka tsotse."

"Gajiya ce, Gwaggo."

"Gajiyar me? Kana da 'ya'ya ne? Hannatu, an gwada shi taifot?"

Na ce an gwada jini, babu komai.

"Waɗannan ba su san taifot ba. Kawo maganin in gani."

Ta juya kwalbar, ta karanta, ta ajiye ta nesa da ita. Ta ce irin wannan ne aka ba ɗan wata ƙawarta ya koma yana zubar da miyau. Ta ce namiji mai shekara talatin ba mata dole ya yi ta tunani, a nemo masa yarinya daga gida a ga in bai warke ba. Iliya ya yi murmushi don kunya. Ƙwayoyin dama suna busar masa da baki, suna tayar masa da zuciya. A makon ya bar shan su. Na gani, ban ce komai ba, don ni ma maganar Gwaggo ta shige ni.

Ita ce kuma ta samo abin da muka ɗauka mafita. Ta bugo mini tana murna. "Na samo masa namu! Ɗan Filato ne, yana wannan aikin na shawara a Gaithersburg. Mijin wata ne a zumuntar matan cocinmu. Zai gan shi ranar Asabar, ba layi, ba komai. Ya faɗa masa damuwarsa da Hausa, ba sai ya karya harshe ba."

Mako na bakwai ke nan. Muka je mu uku. Mutumin kirki ne, ya fito har bakin ƙofa ya tarbe mu. Da ya ji sunan babanmu sai ya riƙe baki. "Kai! Ɗan gidan marigayi Baba Dikin? Ai ni na san babanku, ya taɓa kwana gidanmu lokacin taro. Yaya Mama? Tana nan a Kafanchan?" Aka yi ta gaisuwa. Aka tambayi wane, aka tambayi wance, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun shekara goma. Daga baya ya ce mu ba su wuri, muka fita ni da Gwaggo muka zauna a bakin ƙofa. Ko minti ashirin ba a yi ba suka fito. Ya dafa kafaɗar Iliya ya ce, "Yaron nan lafiyarsa ƙalau, kewar gida ce. Ku riƙa fita da shi." Har da ƙullin yaji ya ba mu.

A mota Gwaggo ta ce, "Ka gani? Na gida daban ne."

Iliya ya ce, "Sosai, Gwaggo."

Ban ce mutumin zai fitar da sirri ba. Wataƙila da ya riƙe shi har kabari. Amma ku sa kanku a wurin Iliya. Matarsa tana zama kujera ɗaya da Gwaggo kowace Lahadi, shi kuma ya san hanyar gidanmu a Kafanchan. Mu nawa ne a nan gaba ɗaya? Ko atishawa ka yi a Laurel, kafin yamma an ce maka sannu daga Jos.

Mako na tara ya bar tashi daga gado sam. An kira daga wurin aiki sau uku. Ranar wata Litinin da safe na kai masa shayi, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, na gaji. Ba gajiyar jiki ba." Na bugo wa mai ba mu aiki, Allah ya yi mata albarka, ta ce in tafi za ta nemi wadda za ta riƙe mini. Na sa shi a mota sai sashen gaggawa.

Mun isa ƙarfe tara. Aka ba ni fom na cike a madadinsa. Akwai wurin da aka tambayi harshen da majinyaci ya fi so a yi masa magana da shi. Na rubuta Hausa. Iliya yana jin Turanci, ya fi ni ma. Amma na ce a raina, ciwo da harshen uwa ake faɗinsa. Muka zauna. Aka shigo da mai ciwon ƙirji aka wuce da shi, aka shigo da wanda ya yanke hannu aka wuce da shi. Mu namu ba ya jini, sai muka zama kamar kujerun wurin. Wata nas baƙar fata, dattijuwa, ta ga yana rawar sanyi ta kawo masa bargo mai ɗumi, ta kawo mini ruwa. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Sai wajen ƙarfe huɗu aka kira mu. Wannan karon ba a tambaye shi ba, ni aka ce wa in fita, doka ce. Na ji haushi. Na tsaya a bayan labule. Sai na ga an turo wata waya a kan sanda mai taya, wai tafinta, tunda na rubuta Hausa. Aka danna. Sai ga muryar namiji, Hausarsa irin tamu sak, ta kudancin Kaduna. Ya ce, "Sannu ɗan'uwa, yaya jiki? Ni ne zan fassara. Duk abin da ka faɗa sirri ne."

Ban san ko wane ne ba. Wataƙila yana wata jiha mai nisa. Wataƙila kuma yana bayanmu a layin karɓar jibin Ubangiji a coci. Iliya ma bai sani ba, abin ke nan. Na ji ma'aikaciyar asibitin tana tambaya, tafinta yana juyawa. Kana tunanin cutar da kanka? "A'a." Akwai abin da ke damunka a gida ko a waje? "Babu komai." Kana jin tsoron wani? "Babu." Da yamma suka sallame mu. Suka ce ya koma kan ƙwayoyinsa, suka ba mu lambar kiran gaggawa, da wata sabuwar takarda mai sunaye. Na duba, sunayen nan ne dai. Awa tara, ga takardar kuɗin da ta biyo baya wadda ba na son tunawa, don a ba ni abin da yake manne a jikin firijina.

A hanya na yi masa faɗa. Na ce, "Na bar aikina, mun wuni a nan, an kawo maka mai jin Hausa, ka ce babu komai? Kai wane irin mutum ne?"

Ya koma shan magani, ya ɗan fara fita. Mako na goma sha ɗaya na kai shi tashar jirgin ƙasa ta Laurel, ya ce zai je ganin wani abokinsa. Mun iso da wuri, muna zaune a mota, injin yana aiki saboda sanyi.

Ya ce, "Yaya, ki daina shiga wurin likita da ni."

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Kin yi da yawa ne."

"To ka faɗa mini abin da za ka faɗa musu wanda ni ba zan ji ba."

Sai ya juya zuwa Turanci. Tun da aka haife shi bai taɓa yi mini Turanci ba sai da wasa. Da Turanci ya faɗa mini cewa maza yake so, tun yana yaro ya sani, kuma akwai wanda suke tare shekara biyu. Ya ce wani daga gida ya aiko masa da saƙo a farkon sanyi cewa an fara maganarsa a gari, tun ranar bai sake barcin kirki ba. Sai a lokacin na gane abin da na yi da na rubuta Hausa a fom ɗin nan. Turanci ne kaɗai harshen da yake iya faɗin abin a cikinsa bai zagi kansa ba.

Ina so in ce na rungume shi. Ban yi ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kada Mama ta ji."

Ya ce, "Na sani." Jirgi ya zo, ya fita.

Kwana huɗu ba mu tayar da maganar ba. Ina dafa abinci, yana ci ko ba ya ci. Na yi kuka a bayi, na yi addu'a, na yi fushi da shi, na yi fushi da kaina. Har yau akwai abubuwan da ban warware tsakanina da Allah ba a kan wannan, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na warware ba. Amma a rana ta biyar na cire takardar daga jikin firiji, na nemi sunan da na ja wa layi, na kira.

Mutum ne ya ɗauka, ba na'ura ba. Wata mata mai sanyin murya. Suna karɓar inshorarmu. Suna da masu ba da shawara da suka saba da mutanen da suka zo daga ƙasashe irin namu, masu tsoron dangi. Ta ce ya fi kyau shi ya yi magana da kansa. Na ce yana barci, ni yayarsa ce, ni nake jinyarsa. Gaskiya yana barci, amma da na tashe shi. Ta ce layinsu mako bakwai ne. Sai ta ce, "Amma bari in tambaye ki. Yaya yake yanzu? Kina ganin yana cikin haɗari? Ya taɓa maganar mutuwa?"

Na ce, "A'a, da sauƙi. Yana samun sauƙi, mun gode Allah."

'Yan'uwa, wa ya taɓa amsa wannan tambaya da wani abu daban? Babanmu yana kan gadon mutuwa, ba ya gane mutane, duk wanda ya ce yaya mai jiki sai mu ce da sauƙi. Haka aka koya mana. In ka ce babu sauƙi kamar ka yi wa Allah butulci, kamar kana jawo wa majinyaci mugun abu da bakinka. Ban yi tunani ba, bakina ne ya amsa. Ita kuwa ba gaisuwa take yi ba. Tambaya take yi, kuma akwai akwatin da take cikewa da amsata. Ta sake cewa, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ban gaya mata zuwanmu gaggawa ba. Ban gaya mata ya ce ya gaji ba. Ta ce in abu ya canja mu kira nan take, ta ba mu rana bayan mako bakwai.

Da na gaya wa Iliya, ya dube ni ya ce, "Ke kika kira su?" Na ce ni ce. Ya ce, "Na gode, Yaya." Wannan godiyar ita nake riƙe da ita.

Makonnin da suka biyo baya sai na ga kamar maganata ta zama gaskiya. Ya fara cin abinci. Ya share ɗakinsa tas, ya wanke labule. Ya ba wani abokin aikinsa babbar rigar sanyinsa, ya ce ta yi masa yawa. Ya kira Mama suka yi awa guda suna dariya. Na bugo wa Gwaggo na ce addu'a ta karɓu. Daga baya ne likitarmu ta gaya mini, tana riƙe da hannuna, cewa wani lokaci irin wannan natsuwa ta farat ɗaya, da rabar da kaya, da sallamar mutane, alama ce ta wanda ya riga ya yanke shawara. Babu wanda ya gaya mini tun da wuri. An ba ni takardun sunaye har uku, amma babu wadda aka rubuta wannan a ciki. In kun ga haka, kada ku yi murna tukuna. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Likitar ta ce tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, hanya take buɗe masa. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kira lambar gaggawa, ku faɗi abin yadda yake.

Ranar wata Talata da hantsi, ina wurin aiki, ya tafi. Saura kwana goma sha shida ranarsa ta zo. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Gwaggo ce ta ce a ce ciwon zuciya ne, saboda Mama, saboda jana'iza a coci. Ta faɗa tana kuka, ta tsufa a kwana ɗaya. Ban riƙe ta a zuciya ba. Da abin da ta sani ta yi, kamar ni. Matan zumunta sun riƙe gidana mako biyu, ban ɗora tukunya ba. Wannan alherin gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa tsoron bakunanmu, mu ɗin nan masu kawo abinci, shi ya hana ƙanena magana a ɗaki uku.

A kwana na uku na zaman makoki na lura da wani saurayi dogo da rigar masu gadi, zaune a bakin ƙofa kusa da takalma. Ba wanda ya san shi. Bai ci komai ba. Da mutane suka ragu na je na tsuguna kusa da shi. Ya ce sunansa Abdu, mutumin Maraɗi ne, yana aikin gadi a Baltimore. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na gane shi ne wanda Iliya ya ce suna tare shekara biyu. Na shiga ɗakin Iliya na ɗauko agogonsa na sa masa a hannu, na karɓi lambarsa.

Bayan mako biyu waya ta yi ƙara. Kilinik ɗin nan ne, suna tuna wa Iliya cewa jibi ne ranarsa. Na gaya wa matar. Ta yi mini ta'aziyya da kyau. Sai na ce, "Akwai wani. Ko za ku ba shi wurin Iliya?" Don na kira Abdu sau biyu a makon, muryarsa irin ta Iliya ce a mako na tara. Ta ce ba a yin haka, wurin na wanda ke biye a layi ne, kowa sai an yi masa rajista daga farko. Na ce, "Mutum ya mutu yana jiran kujerar nan, yanzu ma ba ni da ikon cewa ga wanda zai zauna?" Ta ce ta fahimta, amma haka tsarin yake. Ta ce shi ya kira da kansa.

Washegari na kira Abdu na ce ya zo Laurel. Ya zo bayan ya tashi aiki, da rana. Na zuba masa abinci bai taɓa ba.

Na ce, "Abdu, yaya jiki?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya Hannatu, da sauƙi."

Na ce, "Ni ka gaya wa haka, na karɓa. Yanzu zan buga wata lamba. Matar da za ta ɗauka ba gaishe ka za ta yi ba. In ta tambaye ka, ka gaya mata abin da kake gaya wa kanka in kana kai kaɗai. Da Turanci, ko da Faransanci, duk wanda ya fi maka. In sun ce za su kawo mai fassara Hausa kuma ba ka so, ka ce ba ka so."

Ya ce, da Hausarsu ta Maraɗi inda ake ce wa likita lokotoro, "Ni ban iya irin wannan magana da lokotoro ba. Ki yi musu bayani mana, ke kin saba."

Na ce, "A'a."

Na danna lambar, na sa masa wayar a hannu, na ɗauki rigar sanyina na fita. Na sauka ƙasa na zauna a mota, na rufe gilashi don kada ko muryarsa in ji. Minti talatin da biyar na yi. Sai ga shi ya sauko, idanunsa sun kumbura, ya ƙwanƙwasa gilashi ya miƙo mini wayar.

Na ce, "Mako nawa suka ce?"

Ya ce, "Ba mako ba ne. Sun ce in zo jibi da safe."